Sun ƙwace min waya saboda na ɗauki hoto a kanti, ni ce da laifi?

Saƙon wannan satin daga wata 'yar uwa ne a Kano, na taƙaita shi na kuma cire sunan kantin:

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ba ni shawara raina a ɓace yake. Ranar Asabar na je wani babban kanti sayayya da yarana biyu, na ɗauki madarar gwangwani an rubuta 9,500 a jikin kantar da aka jera ta, da na zo wurin biya inji ya nuna 11,200. Na yi magana kashiya ta ce ita abin da kwamfuta ta nuna shi ta sani. Na biya, sai na koma na ɗauki hoton farashin da wayata. Ban ankara ba sikiyuriti ya fizge wayar wai an hana ɗaukar hoto akwai sanarwa a ƙofa, ni wallahi ban gani ba. Suka kai ni wani ɗan ofis suka rufe ƙofa kusan minti arba'in yarana na ta kuka, suka tilasta ni na buɗe wayar, yana ta wuce hotunana har da waɗanda ba mayafi, ya goge guda uku. Amma ɗaya na riga na tura wa maigidana ta WhatsApp, sai dai wasu mata biyu sun fito a bayan hoton. Shi ya ce in bar su da Allah, ni kuma so nake in ɗora a Facebook da TikTok in kama sunansu kowa ya san ɓarayi ne. Shin na karya doka da na ɗauki hoton? Kuma in na ɗora za su iya sa a kama ni?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko sannu, Allah ya huci zuciyarki. Sau uku na karanta saƙon nan kuma duk sanda na zo wurin da kika ce namiji baƙo yana wuce hotunanki na ɗaki a gaban yaranki sai in ji jikina ya yi sanyi, wannan ba ƙaramin cin mutunci ba ne kuma kada kowa ya ce miki kin cika mita.

Bari in fara da abin da ya fi damunki. A'a, ba ki aikata laifin da doka ta san da shi ba. Babu wata doka a Najeriya da ta ce ɗaukar hoton gwangwanin madara da farashinsa a cikin kanti laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Akwai wuraren da doka da kanta ta hana, irin barikin soja da sauran wuraren tsaro da dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta tsare, amma kantin sayar da madara da sabulu ba ya cikinsu ko kusa.

To amma fa akwai ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye miki ba don kawai ki ji daɗi. Kanti ba titi ba ne. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ƙofa a buɗe take kowa na shiga to wurin ya zama na kowa, ba haka ba ne, wurin yana da mai shi, shi ya biya haya shi ya zuba kaya, ke baƙuwarsa ce da ya gayyata ki shigo ki yi ciniki. Kuma mai wuri yana da damar gindaya sharaɗi, ya ce a ajiye jaka a ƙofa, ya ce ba a cin abinci a ciki, ya ce ba a ɗaukar hoto. Takardar nan da suka manna a ƙofa ba doka ba ce, ƙa'idar gida ce, amma ƙa'idar gida ma tana da nauyinta. In kin saɓa mata abin da yake da ikon yi shi ne ya ce Hajiya dan Allah daina, in kin ƙi ya ce ki fita, in ya ga dama ma ya ce kada ki sake shigo masa. Inda mutum ke jefa kansa a matsala shi ne a ce ya fita ya ƙi fita ya tsaya yana zagi yana tada hankali, nan ne maganar ke komawa shiga hurumin wani ba izini, kuma kundin dokokin laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya yi magana a kan wanda ya shiga wuri da izini amma ya ƙi fita da nufin tsoratarwa ko cin fuska ko ɓata ran mai wurin. Ke ba wanda ya ce ki daina, ba wanda ya ce ki fita, fizge kawai aka yi.

Kuma don Allah kada mu ɗauka duk mai shagon da ya hana hoto yana da abin ɓoyewa. Ina da wata ƙawa tela, shekara da shekaru tana ɗinkin amare, ta taɓa zama kwana huɗu a kan wuyan riga ɗaya tana jera duwatsu da hannu ɗaya bayan ɗaya har idonta na ruwa, ta rataye a shago kafin mai ita ta zo karɓa, wata ta shigo kamar mai tambayar farashi ta ɗaga waya ƙyas ta fita, kafin ranar bikin an ɗinka irinta a wani shagon a rabin kuɗi, amarya ta zo tana kuka wai an sayar da samfurinta. Tun daga ranar ta rubuta da babban baƙi ta manna a ƙofa. Wa zai ce ta yi laifi? Wasu kuma tsoron masu leƙen asiri suke, abokin gasa ya turo yaro ya ɗauke farashi kaf, ko ɓarayi su ɗauki inda kyamara take da inda ake ajiye kuɗi. Wasu don kwastomominsu ne, musamman wurin gyaran gashi da lalle da wurin sayar da kayan mata, mace ta cire mayafi ta saki jiki sai kawai ta ga kanta a bidiyon wata a TikTok, mun san auren da irin wannan ya girgiza. A Kantin Kwari kuma akasin haka ne, da kansa mai shago zai warware miki atamfa ya riƙe gefe ya ce ɗauki ki tura mata ta zaɓa, domin shi hoton ne ke kawo masa ciniki. Kin ga kowa da tsarinsa kuma kowa yana kan haƙƙinsa.

Yanzu mu zo kan abin da aka yi miki, domin nan ne nake so ki buɗe kunne. Ikon mai kanti a kan kantinsa ya tsaya, bai kai kan wayarki ba, bai kai kan jikinki ba. Wayar dukiyarki ce, fizge ta daga hannunki da ƙarfi laifi ne. Hotunan da ke ciki naki ne har da wanda kika ɗauka a kantin, sikiyuriti ba alƙali ba ne da zai yanke hukunci a goge. Zai iya roƙonki ki goge, ke kuma ki yarda ko ki ƙi ki kama hanyarki. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, to ina ga a tsare mace a sa ta buɗe waya ana kallon hotunanta. Ita kanta rundunar 'yan sanda ta sha fitowa tana gargaɗin jami'anta su daina binciken wayoyin mutane haka siddan, balle mai gadin kamfani.

Sai maganar rufe ki a ofis minti arba'in. Wannan shi ne mafi girma a idon doka ko da yake na san a zuciyarki hotunan ne suka fi ciwo. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin ya ba kowa 'yancin walwala, kuma a ƙaramin sashe na 6 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Gaskiya ne doka ta yarda mutumin da ba ɗan sanda ba ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, misali ya ga ɓarawo ya cusa kaya a riga, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ke me kika sata? Rasit ɗinki na hannunki. Saɓa ƙa'idar kanti ba laifin da ake kama mutum ba ne, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ma cewa ta yi ba a kama mutum a kan abin da ya shafi saɓanin mu'amala ko saɓa yarjejeniya kawai. Saboda haka in ana lissafin wanda ya taka doka ranar Asabar ɗin nan, ba sunanki ne a gaba ba.

Kuma ki san cewa abin da ya sa kika ɗauki hoton ma kina da gaskiya a kai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta tarayya, a sashe na 115 ta ce mai kaya ba zai karɓi kuɗin da ya wuce farashin da ya rubuta ba, in ma farashi biyu ya nuna to mafi ƙanƙanta za a biya. Ba magana ce ta takarda kawai ba, a watan Fabrairu 2024 hukumar ta je ta garƙame wani babban kanti a Garki Abuja a kan wannan matsalar daidai, farashin kan kanta daban na wurin biya daban. Mai yiwuwa a naku kantin mantuwa ce, kaya sun tashi an canza a kwamfuta ba a canza takarda ba, yana faruwa sosai a wannan zamani da farashi ke sauyawa kamar hawainiya, amma mantuwarsu ba ke za ki biya ta ba, 1,700 ɗinki ne.

To sai babbar tambayar, ki ɗora ko kada ki ɗora. Ƙanwata ina roƙonki ki dakata, kada ki ɗora yanzu, kuma ba don ina ganin ki bar su ba ne. Dalilina shi ne a yau ke ce mai ƙara, ranar da kika rubuta "ɓarayi ne" kika kama suna to kin ba su sandar da za su dake ki, sai labari ya juye daga sun tsare mace da yaranta ya koma ta ɓata mana suna. Ki tuna abin da ya faru a watan Satumba 2023, wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta aka ɗauke ta har Abuja, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, ƙasa ta ɗauka ana ta surutu amma ita ce ta kwana a tsare ita ce ta yi ta zaryar kotu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ɗin nan ta 2015 ya jima ana amfani da shi ana kama mutane a kan rubutu, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa, amma har yanzu ana rubuta takardar ƙorafi a kai wa 'yan sanda su kira mutum, kuma ɓata suna yana nan a matsayin laifi a Penal Code sashe na 391. Kina iya yin nasara a ƙarshe tunda kina da hujja, amma wa zai riƙe miki yara kafin ƙarshen ya zo? Mai kuɗi ba ya gajiya da shari'a, lauyansa na kan albashi.

Sannan ga matan nan biyu da suka fito a hoton. Su ba su yi miki komai ba, sayayyarsu suka zo yi. Kin ji zafin da kika ji da aka kalli hotonki ba da izininki ba, to in kika watsa fuskarsu ga dubban mutane kin yi musu kwatankwacinsa, ba ki san wadda mijinta bai san ta fita ba, ba ki san wadda ke ɓuya daga wani ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana ɗaukar hoton da ake gane mutum a cikinsa a matsayin bayanansa, ta sassauta wa abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa da gidansa amma ba ta ba da lasisin keta sirrin wani ba. Ko ba doka ma, mu da aka ce mana kada mu yi bin diddigi kada mu tona asirin juna, ya ishe mu. Duk inda za ki kai hoton nan ki yanke su ko ki rufe fuskokinsu tukuna, haka ma kashiyar in ta fito, yarinya ce mai neman abincinta ba ita ta saka farashi ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ki fara yau kada ki bari ya kwana. Buɗe wurin hotuna a wayarki ki duba kwandon shara, yawancin wayoyi in an goge hoto ba ya tafiya nan take yana zama kusan kwana 30, akwai yiwuwar ukun nan suna nan lafiya lau sai ki dawo da su. Wanda ke WhatsApp ɗin maigida kada ya goge, domin yana ɗauke da rana da lokaci. Rasit ɗin nan ki ɗauki hotonsa yanzu, irin takardar injin nan rubutunta gogewa yake cikin 'yan makonni musamman in ta sha zafi a jaka. Sai ki zauna ki rubuta duk abin da ya faru tun kina tunawa, ƙarfe nawa kika shiga, kalar kayan mai gadin, sunan kamfanin tsaron in yana jikin rigarsa, wa ya rufe ƙofa, me manaja ya ce, akwai wanda ya gani ko babu.

Bayan nan ki rubuta wa shugabannin kantin takarda, ba manajan da ke wurin ranar kawai ba, in da hali lauya ya rubuta a kan takardarsa domin ta fi saurin tada su daga barci. A ciki a faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari, a nemi su adana hoton kyamarar tsaronsu na wannan ranar da wannan awa, wannan yana da muhimmanci ƙwarai saboda na'urar tana goge tsohon ɗauka da kanta in ta cika, in kika yi jinkiri za a ce miki ai ya tafi. A nemi su dawo da rarar kuɗinki, su ba ki haƙuri a rubuce, su ɗauki mataki a kan mai gadin. Ki ajiye kwafi su sa hannu sun karɓa. Maganar farashi kuma ki kai ta FCCPC, suna karɓar ƙorafi ta intanet, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano tunda tana kusa da ke. Kamfanonin gadi masu zaman kansu hukumar Sibil Difens ce ke ba su lasisi take kula da su, can ma ƙofa ce. In kuma kina so ki bi maganar tsarewar har kotu, lauya zai duba ya gaya miki ta wace hanya ta fi, ta take haƙƙin ɗan Adam ko ta neman diyya, in ba kuɗin lauya ki je ofishin Legal Aid mai ba marasa hali lauya kyauta ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kada rashin kuɗi ya sa ki yi shiru.

Game da maigida, kada ki ɗauke shi a wanda bai damu ba. Yawancin mazanmu in sun ce a bar wa Allah tsoro ne suke ji, kada matarsu ta zama abin magana a intanet, kada a wayi gari ana yawo da hotonta ana sharhi, kuma a nan yana da gaskiya. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce Abban yara na ji maganarka ba zan ɗora ba, amma ina so mu rubuta musu takarda da sunanka da nawa. Ki gaya masa dalla-dalla abin da mai gadin ya gani a wayar in ba ki faɗa ba, domin ina zargin kunya ta sa kin taƙaita masa. Haƙuri abu ne mai kyau kuma in kin zaɓi yafewa bayan sun amsa laifinsu ladanki na wurin Allah, amma addini bai hana wanda aka zalunta ya faɗi zaluncin da aka yi masa ba, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba shi wannan damar. Kuma ki tuna gobe wata ce za ta shiga ofishin nan, wataƙila yarinya ce budurwa da ba ta da mai tsaya mata.

In duk kin bi waɗannan suka yi kunnen uwar shegu, to a lokacin kina iya yin rubutunki, amma ki nuna wa lauya kafin ki danna. Ki tsaya a kan abin da idonki ya gani, ranar kaza na ga farashi kaza na biya kaza ga rasit, an karɓe wayata an tsare ni minti kaza, na rubuta musu ranar kaza ba su amsa ba. Ba kalmar ɓarayi, ba 'yan damfara, ba kiran jama'a su je su yi musu komai, masu karatu ba yara ba ne za su gane da kansu.

Nan gaba kuma in irin haka ta taso, ki kira manaja ki kai shi gaban kantar ki nuna masa da yatsa kafin ki biya, in za ki ɗauka ki ce zan ɗauki hoton farashin nan, sau da yawa a nan take ake gyarawa. In wani ya miƙo hannu zai karɓi waya ki saka ta a jaka ki ce ba zan ba ka ba, in kuna ganin na yi laifi ku kira 'yan sanda ina nan tsaye, kuma ki tsaya a fili inda mutane da kyamara suke, kada ki yarda a shigar da ke wani ɗaki.

Yaran nan kuma ki zauna da su, musamman babban in ya kai fahimta, domin abin da suka gani shi ne an rufe mamansu kamar wadda ta yi sata. Ki gaya musu da bakinki Mama ba ta ɗauki komai ba, mutumin ne ya yi kuskure kuma za a gaya wa manyansa. Ki rubuto min bayan sati biyu in ji ko hotunan sun dawo da kuma amsar da kantin suka bayar.